Kafin ka saka wa tsohuwar mota Hydro-Boost, auna zuƙar injinta tukuna

1/ Zare ne mai tsawo, kuma na 'yan mota ne zalla 🧵 Batun shi ne tsofaffin motocin Amurka masu ƙwanji, irin su Chevelle, Camaro, GTO da Mustang na shekarun 1960 zuwa farkon 1970, da yayin nan na cire musu bustar birki ta asali a saka Hydro-Boost. Ra'ayina a taƙaice: gyara ne mai kyau ƙwarai, amma maganin ciwo ɗaya ne tak, kuma da yawan masu sayensa motarsu ba ta da wannan ciwon.

2/ Na san yawancinmu a YouTube da Instagram muke ganin motocin nan. Amma lissafin da ke cikin maganar ya shafi duk wanda ke da tsohuwar mota yana ƙara mata ƙarfi, ko BMW ce, ko Marsandi, ko Fijo. Ku biyo ni a hankali.

3/ Mu fara da abin da ake cirewa. Buɗe bonet, duba gefen direba, jikin bangon da ya raba injin da cikin mota. Za ka ga wani baƙin ƙarfe zagayayye kamar an kifa kwano a kan kwano, masta na maƙale a gabansa. Shi ne busta. Aikinsa ya taya ƙafarka tura masta, shikenan.

4/ A ina yake samun ƙarfi? A wajen injin. Injin fetur idan yana silo, ƙafarka ba ta kan totur, ƙofar iska a rufe take, su kuwa fistin sai ja suke yi. Wannan jan ne ke haifar da zuƙa a cikin manifol, kamar ka toshe bakin sirinji da yatsa ka ja. Tiyo guda ɗaya ke kai zuƙar nan cikin busta.

5/ A cikin kwanon akwai fatar roba da ta raba shi gida biyu. Kafin ka taka birki duka gidajen a zuƙe suke. Kana takawa, sai wani ɗan bawul ya bar iskar waje ta shiga gidan baya, ita kuma ta tura fatar gaba. Wato iskar nan da muke shaƙa ita ke taka maka birki. Dabara ce mai arha, ba ƙara, ba yoyon mai, tana daɗewa ba a taɓa ta ba.

6/ Sai dai tana da iyaka. Nauyin iskar duniya a bakin teku psi 14.7 ne, ko me za ka yi ba za ka wuce wannan ba. Ana auna zuƙar injin da inci na ma'aunin zaiba. Lafiyayyen injin da ba a taɓa ba yana ba da inci 17 zuwa 21 a silo. Busta kuma tana son ta samu aƙalla 16 zuwa 18 kafin ta yi aiki yadda aka tsara ta.

7/ Ga ɗan lissafi, kar ku gudu. Busta mai faɗin inci 11, fatarta tana da fili kusan inci murabba'i 95. Idan injin ya ba ta zuƙa inci 18, tana iya taya ka da turi na kusan kilo 380. Idan zuƙar ta faɗi zuwa inci 9, turin ya koma kilo 190. Rabi ya tafi, kuma ƙafarka ce za ta biya.

8/ To me ke kashe zuƙa? Abin da kowa ke so ɗin nan: babban kamshaf. Wannan gurnanin gubu-gubu da kuke ji a bidiyo, mota na tsaye tana girgiza kamar doki ya ƙagu a sake shi, ai alamar kamshaf ne da ke barin bawul na shiga da na fita a buɗe tare na ɗan lokaci mai tsawo. A gudu yana ba da ƙarfi. A silo kuwa injin na zuƙa ne da bututun da ya huje.

9/ Irin wannan injin sai ka auna ka ga inci 12, ko 10, wani ma 8. Mai motar zai ce maka birki na farko lafiya lau. Na biyu da ɗan tauri. Na uku, a cikin go-silo, feda ta koma dutse. Ba masta ba ce ta lalace, busta ce ta ƙare da abin da ta tara kuma injin bai iya sake cika ta da wuri ba.

10/ Ɗan ratse: tsauni ma na rage zuƙa, kusan inci ɗaya a duk hawan mita 300. Motar da ke kan iyaka a Los Angeles, idan ta hau Denver mai tsayin mita 1,600, sai birkinta ya ƙara tauri. A nan gida ma, wanda ya hau Jos mai mita 1,200 da wani abu ya bar kusan inci 4 a ƙasa. Injin da ba a taɓa ba ba zai damu ba. Mai babban kamshaf zai ji a ƙafarsa.

11/ Matsala ta biyu ita ce wuri. Ka tura injin lita 7 cikin ɗakin da aka zana don lita 5, ka ɗora masa dogayen murafu, sai ka tarar kwanon busta da murfin injin suna neman wuri ɗaya. Sai mutane su sayi ƙaramar busta mai inci 7 don ta shiga. Mai fata ɗaya a inci 7, da zuƙa inci 9, turin da za ta ba ka bai kai kilo 80 ba. An yi ado kawai, kyalkyali a ɗakin injin.

12/ Nan ne Hydro-Boost ke shigowa. Kamfanin Bendix ne ya fito da shi a farkon shekarun 1970, daga baya harkar ta koma hannun Bosch a 1996. Ba ruwansa da zuƙa. Yana aron ƙarfi ne daga famfon fawa sitiyari, wanda bel ke juyawa, kuma famfon nan yana iya ba da matsi psi 1,000 zuwa 1,500. Ku kwatanta da 14.7 ɗin can.

13/ Yadda ake haɗa shi: mai ya fito daga famfo, ya bi ta cikin busta, ya wuce akwatin sitiyari, ya dawo tanki. Idan ba ka taka birki ba, wucewa kawai yake yi. Kana takawa, bawul ya tare wani ɓangare na man ya tura shi bayan wani fistin, fistin ya tura masta. Saboda matsin yana da yawa, ba a buƙatar faffaɗan kwano. Na'urar siririya ce, doguwa, tana shiga inda kwano ya ƙi shiga.

14/ A gefenta akwai ɗan gwangwani, a yawancinsu cike da iskar naitirojin a matse. Shi ne asusun ajiya. Idan injin ya mutu, gwangwanin nan zai ba ka taimako na taki ɗaya zuwa uku. Riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

15/ Kuma ba wata bidi'ar 'yan gareji ba ce. Kamfanoni da kansu sun saka shi duk inda zuƙa ta yi ƙaranci ko wuri ya yi kaɗan. Manyan a-kori-kura na GM masu dizal, tunda injin dizal ba shi da ƙofar iskar da za ta haifar da zuƙa. Buick Grand National ta 1984 mai turbo. Chevrolet Astro, wadda har yau ake farautar bustarta a wajen 'yan gwangwan na Amurka.

16/ Misalin da na fi so shi ne Mustang. A 1996 Ford ta sauya injin 5.0 da sabon 4.6 mai kamshaf a sama. Lita ta ragu, amma injin ya fi faɗi nesa ba kusa ba, musamman na Cobra mai kamshaf huɗu. Kwano ya rasa wuri. Sai Ford ta saka Hydro-Boost, ta ci gaba da shi a masu V8 har 2004. Matsalar da mai tsohuwar Chevelle ke fuskanta yau, ita injiniyoyin Ford suka fuskanta, kuma amsa ɗaya suka samu.

17/ Turawan Jamus ma sun bi hanya makamanciya. BMW 7 ta farko, E23 da ta fito 1977, da 6 mai ƙofa biyu, sun yi amfani da busta mai aiki da man sitiyari, da wata ƙwallon ajiya da kanikawa ke kira bom. Marsandi kuwa a W123 mai dizal sai ta ɗaura wa injin famfon zuƙa na daban ta bar kwanon yadda yake.

18/ Yanzu ga inda nake rabuwa da masu tallan abin. Za ka ji ana cewa saka Hydro-Boost, mota za ta riƙa tsayawa kamar sabuwa. A'a fa. Busta ba ta taɓa titi. Ba ta taɓa faifai. Ƙafarka kawai take taimaka wa.

19/ Gwajin mai sauƙi ne. Idan a yanzu, da birkin da ke motarka, za ka iya danna feda har tayoyi su kulle su yi ƙara a kan kwalta, to matsin da kake da shi ya riga ya fi abin da tayarka za ta iya ɗauka. Ƙara masa ninki biyu ba zai rage maka ko mita ɗaya ba. Zai sa tayar ta kulle da wuri, da ƙaramin taki.

20/ Mota mai gudun kilomita 100 a awa, idan tayarta na riƙe kwalta da kyau sosai, tana iya tsayawa a mita 44 ko ƙasa da haka. Taya mai matsakaicin riƙo, mita 56. A kan jiƙaƙƙen titi ko wanda yashi ya rufe, abin na iya kaiwa kusan mita 100. Wannan lissafin ko kaɗan bai tambayi wace busta ke motar ba. Taya ya tambaya, da titi.

21/ Kuma motocin nan ba su da ABS. Tayar gaba ta kulle, sitiyari ya zama abin wasa, kana juyawa mota na tafiya miƙe. Ta baya ta kulle, gindin mota ya zagayo ya wuce ka. Mutumin da ya firgita, da feda mai taushi kamar ta sabuwar Camry, a motar da nauyinta ya taru a gaba, haba, ai shirin hatsari ne.

22/ Sai zafi. Mota mai kilo 1,700 a gudun 100 tana ɗauke da ƙarfin da dole ya koma zafi a cikin birki cikin 'yan daƙiƙu. Ka ninka gudu, zafin ya ninka huɗu. Pontiac GTO ta 1964 ta zo da injin 389 mai ƙarfin doki 325, wani ma 348, amma birkinta ganga ce mai inci 9.5 gaba da baya, irin na Tempest mai silinda shida da aka gina ta a kai.

23/ Ganga idan ta yi zafi buɗewa take, ta nisanta da takalmin birki, shi kuma takalmin santsi yake yi. Ka saka wa wannan motar Hydro-Boost ka bar mata gangunanta, me ka yi? Ka sami hanyar gasa su da sauri ba tare da ƙafarka ta gaji ba. Da can taurin feda na gaya maka cewa birki ya fara sarewa. Yanzu ka toshe bakin mai ba ka labari.

24/ Shi ya sa ni a wurina Hydro-Boost ne abu na ƙarshe da za a saya. Kuɗin farko na taya ne. Tayar da ta shekara 12 a jikin motar da ba a cika hawa ba, ko zanenta na nan sabo fil, robar ta bushe. Lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun DOT da ke gefen taya suna faɗa maka mako da shekarar da aka yi ta. Duba naka yau.

25/ Bayan taya, faifai a gaba maimakon ganga. Sannan masta. Motocin Amurka kafin 1967 yawancinsu masta mai ɗaki ɗaya gare su: tiyo ɗaya ya fashe, birki huɗu sun tafi gaba ɗaya. Daga 1967 aka koma mai ɗaki biyu, dokar tarayya ta tilasta shi daga 1968. Wanda ke tuƙa Mustang ta 1965 da masta mai ɗaki ɗaya yana tunanin wace busta zai saka, ya tsallake abin da zai iya kashe shi.

26/ Sai tiyon roba da man birki. DOT 3 sabo yana tafasa daga digiri 205, DOT 4 daga 230, amma dukansu suna shan danshi, shekara biyu uku sai ma'aunin ya sauko sosai. Man da ya tafasa feda ce ke nutsewa har ƙasa, kuma babu bustar da ke maganin wannan.

27/ Idan duk an gama waɗannan, sai a ɗauko ma'aunin zuƙa. Ɗan agogo ne mai tiyo, kuɗinsa bai kai na cika tanki ba. Injin ya yi zafi, yana silo, idan otomatik ce a saka giya a riƙe birki, a karanta. Inci 16 ko sama? Bar kwanonka. Idan birki na da tauri a haka, nemi tiyon da ya tsage, ko bawul ɗin bakin busta, ko fatar da ta yage.

28/ Inci 12 ko ƙasa? To kai ne mai ciwon. Tsakanin 13 da 15 ana iya lallaɓawa da gwangwanin tara zuƙa, amma ku sani shi ajiya kawai yake yi, ba ya ƙirƙirar abin da injin bai bayar ba. Famfon zuƙa na lantarki yana aiki, sai dai ƙararsa tana damun mutane, ga waya da suwic da za su iya mutuwa ba sallama.

29/ Ga wanda yake ƙasa da 12, motarsa na da nauyi, tana da faifai, kuma dama tana da fawa sitiyari, ni kam ba ni da wata tantama: Hydro-Boost ne amsa. Feda iri ɗaya a taki na farko da na goma, a go-silo ko a gangara, injin na gurnani ko yana ihu.

30/ Masu kishin asali za su ce an ɓata mota. Ina girmama su, kuma a wasu motocin suna da gaskiya. Camaro ZL1 ta 1969 guda 69 kacal aka yi, ɗaya ta taɓa haura dala miliyan ɗaya a gwanjo. Chevelle LS6 ta 1970 mai 454 da doki 450, wadda injinta da lambobinta na asali ne, ita ma kayan tarihi ce. Waɗannan a bar su da noti da wayarsu yadda suka fito.

31/ Amma motar da aka riga aka sauya mata kamshaf da kafireta da salansa, wace asali ta rage da za a kare a busta? Ka ƙara wa injin doki 150 ba ka ji kunya ba, sai a wajen birki ne za ka tuna da tarihi? Motar da ke gabanka a titi ta bana ce, tana da ABS, tana tsayawa a mita 40. Direbanta ba zai tsaya a hankali don ya ga kana tuƙa kayan tarihi ba.

32/ Kuma gyaran ba na dindindin ba ne. Yawancin kayan da ake sayarwa suna zama a kan ramukan noti na asali a jikin bango, ba yanka ba walda. Kwanon da ka cire, da mastarsa, da sandarsa, ka zuba a kwali ka rubuta suna. Ranar da za ka sayar, wanda ke son asali ya mayar cikin yini guda.

33/ Yanzu farashin da ba a rubutawa a talla. Da kwano, birki na rasa taimako ne idan injin ya mutu. Da Hydro-Boost, yana rasawa idan injin ya mutu, ko bel ya tsinke, ko tiyon matsi ya fashe, ko famfo ya sare. Kuma duk lokacin da hakan ta faru, fawa sitiyari ma ya tafi a daƙiƙa ɗaya. Hannu ya yi nauyi, ƙafa na da taki ɗaya zuwa uku.

34/ Bayan takin nan birki na nan, bai ɓace ba, sandar tana tura masta kai tsaye. Amma da tauri na gaske. Fedar da aka tsara don busta tana ninka ƙarfin ƙafa kusan sau 4 ne, ta birkin da ba busta kuwa kusan sau 6. Ga masta mai faɗi, inci ɗaya da kashi ɗaya cikin takwas, wadda ake yawan haɗawa da shi. Za ka tsaya, amma da ƙafa biyu da bayanka manne da kujera.

35/ Saboda haka bel ɗin sitiyari ya tashi daga abin da ake sauyawa idan ya fara kuka, ya zama kayan birki. Fuli su daidaita, bel ya zama mai kyau, a riƙa duba shi kamar yadda ake duba man injin. Injin da ake kaiwa juyi 6,000 da fulin da ya karkace, jefar da bel ba wuya.

36/ Tiyo kuma kar ya kusanci bututun hayaƙi. Man sitiyari yana cin wuta. Ɗan rami a tiyo mai psi 1,200 feshi yake yi, idan ya sauka kan bututun da ya yi ja, labari ya sauya. Kar kowa ya yarda a haɗa masa ɓangaren matsi da tiyon fetur da kilif.

37/ Kuskuren da ya fi yawa a haɗawa yana wajen dawowar mai. Busta tana da nata ƙaramin tiyon da ke mayar da mai tanki, kuma dole ya tafi ba cikas. Masu gaggawa sai su haɗe shi da na sitiyari da mahaɗi mai baki uku, su juya shi ba daidai ba. Sai mai ya riƙa turowa baya: feda ta ƙi dawowa da sauri, wani lokaci kana juya sitiyari birki na kama kansa. Tanki mai bakin dawowa biyu shi ne tsafta.

38/ Famfo ma sai mai lafiya. Tsohon Saginaw da ya shekara 50 yana fama da sitiyari kaɗai, ka ƙara masa birki, za ka ji a wajen fakin: ka taka birki kana juyawa, sitiyari ya cije. Ga wanda zai yi wannan aikin a ƙasar da Afrilu ke wuce digiri 40, 'yar ƙaramar lagireton sanyaya mai a layin dawowa ba almubazzaranci ba ce.

39/ Wannan kuma da babbar murya: mai iri biyu ne, tanki biyu ne, suna kusa da juna. Man sitiyari na busta, man birki na masta. Man sitiyari ya shiga masta, duk robar da ke cikin birki za ta kumbura, sai an sauya su kaf, daga masta har tayoyi. Idan kana kai mota wurin da yaran gareji ke ƙara mai, rubuta a jikin murfi.

40/ Gwangwanin naitirojin kuma ba a wasa da shi. Kafin a kwance komai, injin a kashe, a taka feda sau goma ko fiye har ta yi tauri, ajiyar ta ƙare. Ba a yanka shi, ba a kai masa wuta.

41/ Akwai wanda ma zan ce ya manta da busta gaba ɗaya: mai mota mara nauyi, mara fawa sitiyari. Fedar da ke ninkawa sau 6, da masta siririya mai kashi bakwai cikin takwas na inci, da takalman birki masu kyau, suna ba da feda mai tauri amma mai gaskiya, kana jin lokacin da taya ke shirin kullewa. Motocin tsere da yawa haka suke. Ɗaura famfo da bel da tiyo uku don birki kawai, wahala ce.

42/ Wasu za su tambaya a ƙasa, to iBooster fa? Bosch ta fito da shi 2013, injin lantarki ne ke tura masta, yana cikin Tesla da wasu Honda, kuma 'yan gyara sun fara cirowa suna sakawa a tsofaffi. Yana da kyau, ba bel ba mai. Amma tsohuwar GM da altanetarta ta asali ke ba da amp 37 zuwa 61, da wayoyin da suka girmi babanka, sai ka gyara wutar motar kafin ka jingina birki a kanta.

43/ Masu 504 da 505 da W123 na fetur da suka karanto har nan: injinku idan ba a taɓa shi ba yana da zuƙa isasshiya. Birkinku ya yi tauri, busta ce ta tsufa ko tiyo ya tsage, kuma irin wannan a Ƙofar Ruwa ko Panteka ake neman maganinsa. Ba sai an yi odar komai daga Amurka ba.

44/ Wanda kuma ya riga ya saka, ga gwaji kafin ya hau titi. Injin a kashe, taka feda har ta yi tauri. Riƙe ta da matsakaicin ƙarfi, tayar da injin. Ya kamata ka ji ta ɗan nutse sannan ta turo ƙafarka baya. Idan ba ta motsa ba, busta ba ta samun matsi. Kar ka danne ta da ƙarfi sama da daƙiƙa biyar injin na aiki, famfo kake azabtarwa.

45/ Sai ka bar injin ya yi aiki, ka kashe, ka jira ɗan lokaci, ka ƙirga taki nawa masu taushi ka samu kafin ta yi tauri. Ƙasa da biyu, gwangwanin ajiya ya fara sarewa.

46/ Na ƙarshe a fili ake yinsa, inda ba mutum ba mota, da gudun da bai wuce na mai tafiya da sauri ba. Kashe injin mota na gangarawa, ka ji nauyin sitiyari, ka taka har ajiyar ta ƙare, ka ji ainihin ƙarfin da ake buƙata. A motocin GM daga 1969 makulli na kulle sitiyari, don haka mataki ɗaya kawai za ka murɗa baya, kar ka kai shi ƙarshe.